Gashin Ido da Na Bari Ya Tsiro

A shekarun farko na mulkin kai ina matar aure a Gaya, da 'ya ɗaya a baya, gashin idona ya juya ciki. Duk ƙiftawa sai ya karci ƙwayar ido kamar ƙaiƙayin gero. Matan unguwarmu da yawa haka suke, kowa da matsefatarta rataye a wuya. Ni yayata ke tsige mini. Da hantsi nakan ɗora kai a cinyarta, ina kallon ganyen mangwaro yana narkewa cikin hawaye, ita kuwa tana tsiga tana tsiya, wai da wannan idon na zaɓi miji, shi ya sa.

Hazo ya riga ya fara rufe idon hagu. Tsorona na dama. Na san makafi masu zama a bakin hanyar kogi, kuma ban so 'yata ta tashi tana jan sandata.

Sai aka yi shela cewa kamyon, babbar motar masu duba ido, ya sauka a disfansar, ƙaramin asibitinmu, da lokotoro, wato likita, da ya koyo sabon aiki: a tsaga fatar ido a juya ta waje. To, wa ke zuwa gaban baƙo da ƙazanta? Yaya ta zauna ta tsige ni tas, ta ranɓaɗa mini kwalli, na ɗaura zanen sallah.

Lokotoron ɗan ƙasa ne, matashi, da gilashi ɗaure a goshi. Ya ɗaga fatar idon, ya daɗe yana dubawa, sannan ya yi ajiyar zuciya.

"Baiwar Allah, ina gashin? In ban ga inda ya kwanta ba, ban san inda zan gyara ba."

Yaya ta ce, "Ai mun gyaro ta ne, don girmanka."

Bai yi dariya ba. Ya ce za su wuce Karakara su dawo kafin ruwa ya yanke hanya, kada a sake taɓa ko ƙwaya ɗaya.

Na sha wuya, ba zan ɓoye ba. Da gashin ya tsiro, guntu mai kaifi, sai na daina buɗe ido. Na koma zama cikin wani jan duhu mai ɗumi. A can nake jin masu jirgin ruwa suna kiran juna da yarensu na Dandanci, da ƙarar manyan motoci masu gangarawa Dahome, har nakan ga kamar ni ma kogin na tafiya da ni a hankali. 'Yata nake shafawa in ji girmanta. Sau biyu na roƙi yaya ta tsige, ina kuka. Ta ce, "Wallahi ko za ki mutu ban yi." Ashe ita ma kukan take a bayan ɗaki.

Hadari ya fara haɗuwa kafin kamyon ya dawo. Aka yi aikin, aka naɗe ni. Ranar kwance bandeji lokotoron ya faɗa mini gaskiya: na hagu ya tafi, jiran ya ƙarasa shi. Ya ce in buɗe na dama.

Na buɗe. Na ƙifta, na jira zafin, bai zo ba. Na sake ƙiftawa. Yaya na ta tambaya, "Mi kika gani? Ke, mi kika gani?" 'Yata ce, wadda na sani a goye, tsaye a bakin ƙofa, ba ta riƙe da kowa, tana tahowa wurina da ƙafafunta.