Gayya a Asusun Baffa

Wata ranar Talata a tsakiyar damina, ina tsince shinkafa a tsakar gidanmu a Tambuwal, wayata ta yi ƙara. Manhajar aikinmu ce ke sanar da ni cewa an shiga asusu ɗaya daga wayoyi huɗu tsakanin hantsi da azahar. Da na ga asusun wane ne, sai na ajiye tiren, kaji suka samu rabonsu.

Aikin namu na hotunan shanu ne. Wani kamfani ke turo su, mutanenmu su duba su sa alama: wannan kirci ne, wannan sammore, wannan lafiyarta lau. Kowa da asusunsa, wato ƙofar da yake shiga da sunansa da lambar sirrinsa. Masu sa alama suna ƙasa, masu dubawa suna samansu, su ke cewa aiki ya yi ko a sake. Ni kuma aka ba ni riƙon makullai: ni ke buɗe wa mutum asusu, ni ke ɗaga shi, ni ke rufewa. Har yau akwai masu kirana Admin a kasuwa, kamar sunan da aka raɗa mini ke nan.

Ba na ɓoye cewa ina da faɗa. Shekarun da na yi ina koyarwa a firamare sun bar mini murya, kuma ban ajiye ta ba. Ranar da muka ba mutane horo, na gaji da jin wane zai je biki, wance za ta je suna, sai na bugi teburi na ce, "Duk wanda ya yi kwana goma sha huɗu bai shiga ba, manhaja za ta cire shi, kuma kada ya zo mini da labari." Gaskiya na faɗa, haka tsarin yake. Amma na ji daɗin yadda ɗakin ya yi tsit, wannan ma gaskiya ne.

Asusun da aka shiga ɗin na wani dattijo ne a Fakku, kowa Baffa yake ce masa. Manomi ne mai shanu, bokonsa kaɗan ne, amma idan ya kalli hoton saniya sai ka ce shi ya yi kiwonta. Ni da hannuna na ɗaga shi zuwa mai dubawa, kuma shi kaɗai ke da wannan matsayi a duk ɓangaren Kebbe. Yana ji da abin ƙwarai. An ce har a majalisa yakan ce tsufansa ya yi rana, tunda ilimin garke ya shiga waya.

Na buɗe tarihin asusun, na yi ta ja ƙasa. Mako uku ke nan ana haka. Baffa mutum ne mai nawa, yakan daɗe kan hoto ɗaya, kuma ba ya jin kunyar mayar wa mutum aikinsa. Wannan sabon Baffan kuwa sauri gare shi, komai ya gani sai ya ce ya yi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, na gane wayoyin. Na masu sa alama ne da ke ƙarƙashinsa. Suna yin aiki da asusunsu, su koma nasa su ce aikin ya yi kyau.

Kafin la'asar shugabar aikin ta kira ni daga birni. Ita ma saƙon ya je mata. Ta ce in rufe asusun kafin Alhamis, in kuma turo mata sunayen waɗanda suka shiga. Na ce to.

Na kasa zaune na kasa tsaye. In ɗauki wayar in kai yatsa kan wurin rufewa, in ajiye, in je in duba tukunya, in dawo. Na kira wayar Baffa ya fi a ƙirga, a kashe. Maigidana ya ce, "Ke da kika iya yanke hukunci, yau kuma mene ne?" Na bar masa wurin, don da na buɗe baki da shi zan fara.

Washegari na hau mota zuwa Kebbe, daga nan na hau babur. An yi ruwa da asuba, hanya ta lalace, sau biyu ina sauka in taka da ƙafa. Duk tsawon hanyar ina shirya abin da zan faɗa, ina ƙara masa barkono.

Na iske shi kwance kan tabarma a zaure, an ɗaure hannunsa na dama da karare. Bijiminsa ne ya matse shi da bango, ya karya masa hannu da haƙarƙari biyu. Mutum biyu cikin masu sa alamar suna zaune gefensa, ƙafafunsu duk laka. Daga gonarsa suka fito, sun yi masa maimai, wato noma na biyu. Da suka gan ni suka sunkuyar da kai.

Bayan gaisuwa da ya jiki, na ce, "Baffa, wa ya ba su lambarka?"

"Ni nib ba su, ɗiyata."

"Ba na ce kada kowa ya ba kowa ba?"

"Kin ce. Kuma kin ce kwana sha fuɗu. Mai ɗori ya ce sai na yi arba'in."

Babban cikinsu ya ɗago kai ya ce, "Malama, gayya munka yi mai. Yadda munka shiga gonatai, haka munka shiga wayar. Ba mu so shi tashi shi iske an ba wani wurinai."

Nan na sauke musu duk abin da na ɗauko daga Tambuwal. Na ce gona daban, wannan daban. Na ce fartanya ba ta san hannun wa ke riƙe da ita ba, amma kamfanin idon Baffa yake so, ba na maƙwabtansa ba. Na ce yanzu wata saniya mai ciwo tana can an rubuta lafiyarta lau, da sunan mutumin da bai taɓa yin irin wannan kuskure ba. Ina faɗa, amma na san suna da gaskiyarsu, ni ma ina da tawa, kuma tawa ce ke da makulli.

Baffa ya bari na gama, sannan ya ce, "Abu guda nika roƙo. Kak ki kai sunansu."

A gabansa na rufe asusun. Na ga ya fi mutunci da in koma gida in yi a bayan idonsa.

Ranar Juma'a ina ta tone-tone cikin manhajar, ko zan samu wata kafa da zan dawo da shi. Akwai wani shafi da ni kaɗai ke iya gani, ban taɓa damuwa da shi ba. A ƙasan kowane suna akwai ɗan wuri da aka rubuta hutu. Idan na danna, in zaɓi rashin lafiya, ƙirgen kwanakin ya tsaya, matsayin mutum ya jira shi har ya warke. Na karanta sau uku. Na tashi na fita tsakar gida, na dawo, yana nan.

Na kira shugabar na gaya mata laifina ne, ban san da wurin ba, ban kuma faɗa wa kowa ba. Na ce sunaye kuwa ba zan bayar ba, in za a cire wani a cire ni. Ba ta cire ni ba, ta kuma bar maganar sunayen. Amma ta ce wanda ya ba da lambarsa ba ya sake zama mai dubawa, wannan ya fi ƙarfinta. In yana so, ya dawo a sabon shiga.

Bayan an cire amfanin gona ya zo Tambuwal, hannun ya warke amma ya ɗan karkace. Na shimfiɗa masa tabarma, na kawo ruwa. Na yi kwanaki ina tunanin in yi shiru da zancen, amma na kasa. Na nuna masa wurin a wayata, na gaya masa amfaninsa.

Ya daɗe yana kallo, yadda yakan kalli hoto. Ya ce, "Tun yaushe shi ke nan?"

Na ce, "Tun ranar farko."

Ya gyaɗa kai. Na so ya yi mini faɗa, da na samu sauƙi. Sai kawai ya ce in gaya wa sauran, don damina na dawowa kuma mutum ba ya rasa ciwo.

Na cika masa sabon asusu, suna da gari da lambar waya. Da na zo wurin zaɓen matsayi, inda zan sa shi cikin masu sa alama, hannuna ya tsaya. Duk wanda zan sa ya riƙa duba aikinsa, Baffa ne ya koya masa bambanta kirci da cizon kaska.

Ya ce, "Danna, ɗiyata. Ban shayar da shanu ba."

Na danna.