Ranar da Kububuwa Ta Sare Ni a Hanyar Suna

Da farko na ɗauka ƙaya ce. Wani abu ya soke ni a idon sawun ƙafata ta hagu, na ɗaga ƙafar ina tsaki. Sai na ga ciyawar gefen hanya tana motsi, alhali ko iska babu.

Masu kirana a waya da masu turo saƙo, ku yi haƙuri. Na kasa maimaita labarin nan da baki. Gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta.

Mun baro gidanmu a Tudun Wada ana sallame sallar asuba, ni da Gwaggo, ƙanwar babanmu. Matar wani ɗan'uwanmu ce ta haihu a wani ƙauye can bayan Dutsen Abba, ran nan ne suna. An kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi. A bakin layinmu muka tsaya sayen ƙosai, Gwaggo ta ɗaga guda ɗaya tana tambayar mai suya ko ƙosan ma azumi yake yi, don ya rame. A mota aka cusa mu huɗu a baya, bokitin cincin a cinyata. Direba ya ce kuɗin mota ya ƙaru saboda mai. Gwaggo ta ce ko kaza ce ta ƙi yin ƙwai a ƙasar nan, mai za a ce.

Da muka sauka daga babban titi sai muka hau acaɓa. Jar ƙasa ta jiƙe sharkaf, sai sulɓi. Dama da hagu masara ta kai ƙugu, ko'ina kore shar. Mun yi tafiya mai nisa kafin mu iso wani rafi da ya cika, 'yan acaɓa suka ce iyakarsu ke nan, suka sauke mu suka juya. Na lura da wata tsohuwar farar mota a ƙarƙashin mangwaro a bakin rafin, ban dai kawo komai a raina ba. Muka tattare zannuwa muka tsallaka, muka kama siririyar hanya ta tsakanin gonaki. A nan abin ya faru, wajen ƙarfe takwas da rabi.

Gwaggo ce ta fara ganinsa. Ta yar da kayan hannunta ta ƙwala ihu: "Innalillahi! Jama'a ku kawo ɗauki, abin ƙasa ya taɓa min 'ya!"

Ban san akwai mutane da yawa haka a cikin masarar nan ba. Ta ko'ina suka ɓullo da fartanyoyi. Wani ya bi sawu ya kashe shi, ya ɗago a kan sanda: gajere, mai zane-zane a baya. Na ji wani ya ce a hankali, "Kububuwa ce." Aka yi masa tsawa ya yi shiru. Amma na riga na ji, kuma na san sunan.

Daga nan kowa ya shiga taimako. Wani ya kwance robar ɗaure kaya daga kekensa ya ɗaure min ƙafa tamau, har na ji kamar za ta tsinke. Wata mata ta miƙo min jiƙo a ƙwarya. Ana ta faɗin kada a bar ni in yi barci. Sai wani dattijo mai farin gemu ya durƙusa gabana, ya ciro reza daga naɗin hularsa.

"Yi haƙuri 'yata, tsagawa kaɗan ce, dafin ya fito."

Na runtse ido. Sai na ji murya daga nesa, ana haki: "Kada ka tsaga ta! Baba, don Allah tsaya!"

Wata mata ce mai ƙiba, za ta yi sa'ar Gwaggo, da takalmin ruwa har gwiwa, hannuwanta fari fat da takin zamani. Akwai ƙaramin gicciye a wuyanta. Na ji mutanen suna cewa ga Mama nas. Ashe ma'aikaciyar jinya ce daga Wusasa da ta yi ritaya, tana da gona a wurin, farar motar nan tata ce.

Ta kalli macijin sau ɗaya, ta ce, "Baba, dafin wannan jini yake tsinkawa. In ka tsaga, jinin ba zai tsaya ba har mu kai Zariya."

"Haka ubana ya yi mini, ga ni da raina," in ji dattijon.

"Allah ya ƙara maka nisan kwana. Wannan dai bar mini ita."

Ya dubi rezar, ya dube ni. Wallahi na ɗauka zai yi fushi ya tafi, don a gaban jama'a mace ta katse shi. Sai ya mai da rezar cikin hula. Mama ta sassauta robar a hankali ta cire, ta karɓi gyalen Gwaggo ta ɗaure min ƙafar jikin wani icce don kada ta motsa. Ta ce ko taku ɗaya ba zan yi ba, sai dai a ɗauke ni. Kafin ta rufe baki dattijon ya tuɓe rigarsa, ya zura sanduna biyu a ciki. A kan rigar nan mutum huɗu suka tsallakar da ni rafi, shi ne a gaba, ruwa har cinyarsa, yana ta cewa, "A hankali, a hankali, kada ku jijjiga ta." Har yau ban san sunansa ba.

A mota aka kwantar da ni a baya. Ƙafar ta fara kumbura, lallen da na sa don suna ya miƙe yana ƙyalli. Zafi kuwa kamar an ɗora min garwashi. Mama tana tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan riƙe da waya, tana kiran tsofaffin abokan aikinta tana tambayar inda ake da maganin dafi a ajiye. Wuri na farko babu. Na biyu ba a ɗaga ba. Duk ina ji. Motar ta zame a taɓo sau biyu, kowane karo sai Gwaggo ta ƙara ƙarfin salati.

Da muka hau kwalta Mama ta ce, "Yarinya, tofa yawu a hannunki in gani."

Na tofa. Ja ne. Dasashina ne ke zubar da jini, ban ciji komai ba.

Sai na ji ta ƙara taka mota.

"Mama, mutuwa zan yi?"

"Ba ki gama cin shinkafar duniya ba. Yi shiru in yi tuƙi."

Amma na ga leɓenta na motsi, addu'a take yi. Gwaggo na tata a baya, tana mintsinina kada in lumshe ido. A kira na huɗu aka ce akwai maganin, mu taho. Mun wuce ta kusa da unguwarmu, na hango shagunan da na saba gani kullum, na ce a raina ashe haka mutum ke wuce ƙofar gidansu bai tsaya ba.

Mun isa asibitin kafin sha ɗaya. Sai a nan na gane Gwaggo ta taho da gawar macijin a leda, kuma a cikin bokitin cincin ta saka. Ni da cincin kam mun rabu.

Likita ya ɗebi jinina ya zuba a 'yar kwalba, ya ajiye a kan tebur. Ya ce jinin mai lafiya yana daskarewa cikin minti ashirin. Muka zuba wa agogon bango ido. Da lokaci ya cika ya karkata kwalbar, jinin ya gangaro kamar zoɓo. Aka sa min maganin ta cikin ƙarin ruwa, aka ce sai bayan awa shida za a sake gwadawa. In jinin ya kama, shi ke nan. In bai kama ba, a sake sa wani maganin. Ban tambayi abin da ke bayan wannan ba.

Awa shidan nan sun fi min duk tafiyar tsawo. Babanmu ya zo ya tsaya a ƙofa da carbi, ya kasa shigowa. Mama ba ta tafi ba, tana zaune da takalminta mai taɓo. Na ji Gwaggo na tambayarta, "Baiwar Allah, wai kin san mu ne?"

"Ina fa. Ihu na ji, sai na tsinci kaina ina gudu. Ni da rabona da gudu tun kafin in haifi autana."

"Allah ne ya turo ki."

"Haka nake cewa ni ma. Maigidana kuwa cewa yake shisshigi ne ya yi min yawa."

Na kwanta ina juya maganar. Mai roba, mai jiƙo, mai reza, babu wanda ya san ni, kuma babu wanda ya tsaya shawara. Wasunsu da an bar su da sun ƙarasa ni, amma abin da ya fizgo su daga cikin masara shi ne ya fizgo Mama. Bambancin kawai ita ta san abin yi. A Islamiyya an koya mana ladan taimako, sai dai ban ga alamar wani ya tsaya tunanin lada a bakin rafin nan ba. To halitta ce, ko imani ne? Na kasa rabewa.

A gadon da ke kusa da nawa akwai wata tsohuwa Bafulatana, 'yan'uwanta sun fita neman wanda zai ba ta jini. Ba ta jin Hausa sosai. Bayan la'asar ta fara rawar ɗari, tana kiran wani suna, hannunta na lalube a iska. An ce kada in motsa, kuma ni kaina tsoro ya cika ni, ina ta taɓa dasashina da harshe. Ban yi niyya ba, ban ce don Allah zan yi ba, ban ce komai ba. Kawai na duba na ga hannuna a cikin nata. Ta riƙe gam, ta yi ta sauke numfashi har barci ya ɗauke ta. Ni ma sai na ji tsorona ya ragu. Abin da zan iya faɗa ke nan: hannun ya riga ni. Wanda ya halicce shi da wannan saurin, shi ya san dalili.

Dab da magariba aka sake ɗiban jinin. Babanmu ya shigo. An soma kiran salla a masallacin bayan asibiti lokacin da likita ya ɗauki kwalbar. Ya karkata ta. Ya kifa ta gaba ɗaya. Ko ɗigo bai zubo ba.

"Jininki ya kama," in ji shi. "Za mu riƙe ki kwana biyu mu lura da ƙafar, amma kin fita daga haɗari."

Gwaggo ta zube ƙasa ta yi sujada. Mama ta share ido da bayan hannu, sai kuma ta zabura: "Wayyo, takina! A buɗe na bar buhunan, ga hadari ya haɗo."

Na so in ɗaga hannu biyu in gode wa Allah, amma tsohuwar tana barci, kuma ba ta sake ni ba. Da hannu ɗaya na yi godiyar.