Faifan da Hajiya Ta Mayar Dodo

A gidanmu na unguwar Gorton, can ƙasar Turawa, babu murhu, hita mai ɗumama ɗaki ce kawai a falo. A gabanta kakarmu, Hajiya, take tara mu, ni da ƙanwata Ummi, bayan sallar magariba. Da farko tatsuniyoyinta ba su ratsa mu ba. Muna amsa mata da Turanci, rabin abin da take faɗa ma ba ma fahimta.

Sai Baba ya tsinci wani tsohon faifan garmaho a ƙarƙashin bene, cikin kayan da masu gidan na da suka bari. A jikin kwalinsa akwai zanen kifi mai idanun mutum. Da ya ɗora allura, ba waƙa muka ji ba. Sautin jita ne da aka juya baya, da ƙarar ƙarfe, da wani numfashi mai nauyi wanda yake ta matsowa. Ummi ta fashe da kuka.

Hajiya ta saurara har ƙarshe, sannan ta yanke hukunci: “Waɗannan bayin Allah ba su iya kiɗa ba, amma sun san tsoro. Ajiye mini shi.”

Washegari ta sa aka kunna, ta soma: “Ga ta nan, ku riƙe ta da kyau.” Wata yarinya ce ta daɗe a garin baƙi har maganar gida ta kwance mata. Ranar da ta dawo, an rufe ƙofar gari, Dodo kuma yana biye da ita. Uwarta ta hau ganuwa tana ƙwala mata inda ƙaramar kafa take, yarinyar tana jin murya, ba ta gane magana.

Daidai lokacin da numfashin nan ya cika falon, Hajiya ta juyo gare ni.

“Maigida, me uwar ta ce?”

“Nana, please!” na roƙe ta da Turanci, da sunan da muke kiran ta.

“Ba Nana a garin nan. Faɗa mini da Hausa, ko in bar shi ya iso.”

Ba ta ɗaga allurar ba sai da na haɗa jimlar: “Bi ta hagu, bayan rijiya.” Kullum kafar takan sauya wuri, saboda haka hadda ba ta da amfani. Dole mu saurara.

Da nake jami'ar Aston a Birmingham na bincika asalin faifan. Wasu matasan Turawa ne suka yi shi tun kafin a haifi Baba, ba a sake buga shi ba. Na saurare shi da kunnen babba: ɓangaren farko hayaniya ce, na biyun kuwa gwaninta ce ta gaske, domin har yau ba na iya jin sa ni kaɗai.

Na daɗe ina zaton mu ne matsorata a falon nan. Bara Hajiya ta sami shanyewar ɓarin jiki, ɗan Turancin da ta tara ya tafi gaba ɗaya. Na taso daga Birmingham na same ta a asibiti, nas biyu suna tsaye a kanta, tana ta maimaita magana ɗaya, idanunta cike da firgici. Baba yana wurin aiki. Na sunkuya na kasa kunne.

“Cewa take a juya gadon,” na gaya musu. “Ƙafafunta suna fuskantar alƙibla.”

Suka juya shi. Ta kama hannuna, ta lumshe ido.