Ranar da Hamidu Dillali Ya Duba Haƙoran Mita

Hamidu dillalin shanu ne a kara, wato kasuwar shanu ta Illela, kuma shekara ashirin da biyu ke nan muna maƙwabtaka. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, ita ma ba doguwa ba, shi ya sa na san abubuwa da yawa waɗanda ban tambaya ba. Tun yana saurayi yake bin mahaifinsa kasuwar Lahadi, har ya zama in ya buɗe bakin bujimi ya dubi haƙora, ya dafa tozo, ya zagaya baya, to magana ta ƙare. Fulanin Araba da fataken Ƙwanni duk sun yarda da idonsa. Ni ma na yarda, amma a kan shanu kaɗai.

Matsalar Hamidu ita ce ya ɗauka duniya gaba ɗaya kara ce. Haka yake zaɓen katifa, haka yake zaɓen kankana, sai ya ɗaga ya ji nauyi, ya bubbuga, ya zagaya baya. Kuma ba ya sauraron mai kaya ko kaɗan. Ya ce tun da yake bai taɓa jin mai saniya ya faɗi aibinta ba, don haka duk abin da mai sayarwa yake faɗa iska ce. Wannan hali yana ba ni haushi ƙwarai, domin ni tela ne, kuma ya taɓa kawo mini yadi ya hana ni magana.

Gidansu babban gida ne. Yana ciki da matarsa Atika, da ƙanensa Sufyanu da iyalinsa, sai mahaifiyarsu Inna Ramatu, wadda ta haura tamanin amma har yau in ta yi tari kowa yana gyara zama. Da wutar gari ta zama sai an ga dama, 'yan'uwan biyu suka haɗu suka sa sola. Aka yi wata uku lafiya. Sai inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta zama ta gida, ta tsiro da hali: kullum gab da azahar ta yi kuka kamar ɗan akuya, wuta ta ɗauke, fankoki su tsaya a daidai lokacin da Illela take dafa mutane.

Sufyanu bai yi nisa wajen neman mai laifi ba. Ya ce firizar Atika ce. Ita ce babba a gidan, ita ce take gurnani. Firizar nan kuwa ita ce sana'ar Atika, da ita take ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, kuma tumaki biyu ta sayar ta saye ta. Aka yi ta ka-ce-na-ce har ta kai kunnen Inna. Ta kira su ta yanke hukunci: zuwa Juma'a, duk abin da yake cinye wutar, ko na wane ne, zai bar gidan. Ta katanga na ji Atika tana jera robobin zoɓo tana kuka ƙasa-ƙasa, kuma na tausaya mata.

Mai hankali zai kira mai gyaran wuta. Hamidu ya ce dillali ba ya ɗaukar dillali. Ya ji labarin wata mita mai baki, wadda masu aikin wuta suke maƙala wa waya ta nuna yawan wutar da ke bi, ba sai an yanke komai ba. Ya ja ni shagon Sharafaddeen mai kayan lantarki, wai in zama shaida.

Sharafaddeen ya jera masa guda uku a kan kanta. Ya nuna wata ƙarama ruwan ɗorawa, ya ce ita ta dace da aikin gida, tana gane ƙaramar wuta, tana da maɓallin da ke riƙe lamba, har batirin sola tana aunawa. Hamidu bai ko dube shi ba. Ya ɗauki ƙaramar, ya danna ya buɗe bakinta, ya leƙa ciki.

"Wagga ba ta da haƙori ko ɗaya," in ji shi. "Ko jaririya ta, ko tsohuwa."

"Baba Hamidu, duk ba su da haƙora."

"Kai ka hwaɗi."

Ya ajiye ta. Ya ɗauki ta biyu ya girgiza a kunne, ya ce tana da tari. Sai ya kai hannu kan ta uku, wata ja ƙatuwa irin ta masu aikin taransifoma, mai bakin da zai iya kama wuyan ɗan maraƙi. Ya ɗaga ta, ya juya ta, ya dubi bayanta, ya shafa. Na ga fuskarsa ta yi irin yadda take yi in ya ga bujimi mai kyau.

"Ta yi maka yawa, Baba," in ji Sharafaddeen. "Amma in ita kaka so, ka riƙe abu guda. Waya ɗaya aka kamawa. In ka haɗa biyu cikin bakinta, mai tahiya da mai dawowa, babu abin da za ta nuna."

Hamidu yana can yana ƙirga maɓallai. Aka yi ciniki, aka yi albarka sau huɗu, aka sallama. A hanya na maimaita masa maganar waya ɗaya, ya ce in tsaya ga zare da allura.

Ranar Alhamis ya tara gidan a tsakar gida, har da ni. Ya buɗe bakin mita ya kama igiyar firiza gaba ɗayanta, yadda take da rigarta. Mita ta nuna sifili. Hamidu ya ɗaga ta sama ya zagaya da ita kowa ya gani. Atika ta yi murmushin farko a kwana biyar.

Sufyanu ya ce a gwada fankarsa. Sifili. A gwada talabijin, yana tsakiyar labarai. Sifili. Aka gwada komai a gidan, duk sifili, kamar gidan da iska yake aiki. Hamidu ya ce ai shi ke nan, kowa ya fita, babu mai laifi. Bai rufe baki ba inbata ta yi kukanta, fanka ta tsaya.

"An sayar ma da gawa," in ji Sufyanu. "Gobe Jumu'a. Hiriza ta hita."

Inna ta dogara sandarta ta koma ɗaki.

Da la'asar na ga abin da ban taɓa gani ba. Hamidu ya koma shagon Sharafaddeen, ya tsaya ya daɗe yana kallon kwan fitila, sannan ya ce, "Yaro, mi kac ce game da waya ɗaya?" Na san abin da kalmomin nan suka ci masa. Sharafaddeen ɗan halak ne, bai yi dariya ba. Ya ce gobe zai zo.

Ya zo da hantsi ya buɗe akwatin da ke jikin inbata, ya ware waya guda ya kama ta da mitar. Aka kashe komai, aka riƙa kunna kaya ɗaya bayan ɗaya. Fankoki suka ɗan motsa lamba. Aka kunna firiza, lamba ta yi tsalle ta dawo ta zauna a ɗaya da 'yan kai. Sufyanu ya ce a sake, aka sake. Haka dai.

Ana cikin wannan Inna ta tashi ta shiga ɗakinta. Ba a yi minti ɗaya ba lamba ta haura tara, inbata ta fara kuka. Sharafaddeen ya tambayi wa ya kunna abu. Babu wanda ya motsa. Muka juya gaba ɗaya muka dubi ƙofar Inna. Ashe hita ce, irin ta tsomawa a bokiti, da take ɗumama ruwan alwala saboda ciwon gwiwa. Hamidu ne ya saya mata da kansa, kuma ba sai na faɗa ba, wadda ta fi nauyi ya zaɓa.

Inna ta fito tana dogara sanda. "Kun kama ɓarawon?"

Sufyanu ya dubi ƙasa. Sharafaddeen ya shiga neman wani abu a jakarsa. Ni na dubi katangata. Wa zai ce wa tsohuwar nan hukuncin da ta yanke a kanta ya faɗa?

Hamidu ya shiga ɗakinsa ya fito da ƙaramar rediyonsa, wadda yake jin labarai da ita tun kafin ya yi aure.

"Ga ta, Inna. Ita ta. Mita ta nuna."

"Ita ta kau," in ji Sufyanu da sauri. Shi ne karo na farko da na ji sun yarda a kan abu guda.

Aka miƙo mini rediyon ta kan katanga, ta bar gidan kamar yadda aka yanke. Tana wurina har yanzu, kuma kullum da azahar Hamidu yana zuwa ya zauna ƙofar shagona ya ji labarai, yana hana ni ɗinki. Firiza ta zauna. Atika ta fara tafasa wa Inna ruwa a gawayi tun da hantsi tana zubawa a filas, ta ce wai ruwan gawayi ya fi shiga gwiwa.

Bayan kwana biyu matata ta shiga sayen ƙanƙara, ta tarar Inna ta kira Atika ɗaki.

"Rediyon nan, ba batir aka sa mata ba?"

Atika ta ce, "Batir na, Inna."

Tsohuwar ta sa hannu ƙarƙashin gado ta ciro hitar ta miƙa mata.

"Ɓoye ta inda Hamidu ba shi gani. Kuma kak ki gaya mai na gane. Shekara sittin ina jiran yaron ga shi yi ƙarya ba don shanu ba."