Taron Ɗaukar Malamai a Sakkwato

Bayan samun mulkin kai da 'yan shekaru ina koyarwa a firamare ta Tambuwal, abokina kuma an tura shi Kebbe. Tare muka yi kwalejin horon malamai, kuma kowa ya san na fi shi Turanci.

Ni na fara jin labarin a rediyo, cewa shugabannin makarantu daga sassan Jihar Arewa za su taru a Sakkwato su ɗauki malamai, har da wata makaranta ta Kaduna mai koyar da 'ya'yan baƙi, Turawa da Kwarori da Indiyawa. Na aika masa saƙo ta bakin wani mai goro, don ina son abokin tafiya. Da farko ma ya ƙi, wai gero bai shiga rumbu ba. Sai da na matsa.

An jera tebura a wani babban ɗaki, kowace makaranta da nata. Layin makarantar Kaduna ya fi kowanne tsawo. Shugabar wata Baturiya ce mai furfura. Na amsa tambayoyinta babu tuntuɓe, ta gyaɗa kai, ta gode mini. Da na tashi abokina ya zauna gabanta cikin kaftaninsa da ya koɗe. Ta tambaye shi ina ne Kebbe. Da Turancinsa mai ɗingishi ya ba ta labarin ranar da garken Fulani ya ratsa filin makaranta, wata saniya ta leƙo ta taga ana tsakar lissafi, ya sa yara suka amsa mata gaisuwa. Ina tsaye bakin ƙofa ina jin matar tana dariya har da tari. Shi ta ɗauka.

A mota na yi masa murna da baki, amma har Dogon Daji fuskata na waje. Ya miƙo mini rake na ce haƙorina na ciwo. Ranar kasuwar Tambuwal kuwa duk wanda na gamu da shi zancen ke nan. Mahaifiyata ma cewa ta yi yaron nan dama da goshi aka haife shi.

Bai yi wata da tafiya ba ofishin ilimi ya mayar da ni Kebbe in cike gurbinsa. Ɗakinsa aka ba ni, da ajinsa. Na fara darasi ke nan wata yarinya ta ɗaga hannu.

"Malam, ba hakanga malam na da ka yi ba."

Da hutu ya zo ganin gida, ya biyo ta Kebbe, ya yi haske, da agogo a hannu. Muka zauna gindin tsamiyar makaranta. Ya ce yaran can ba su tashi in malami ya shigo, kuma ba ya da wanda zai ci tuwo da shi. Ya ce ni na huta. Ina sauraronsa idona na kan takalminsa.

Shekarar da ta biyo aka sake yin taron. Na shirya jakata, ban gaya wa kowa ba, na tafi ni kaɗai. Makarantar Kaduna ba ta zo ba. Na zaga sauran tebura, na ci abinci a tasha, na biyo motar yamma.