Kofin Giya a Wayata, a Hannun Kafilina

Kafilina, Balaraben da ya ɗauki nauyin zamana a ƙasarsu, yana duba hotunan aikin da na gama masa a unguwar Ulaisha, sai yatsansa ya zarce. Ga hoton ƙaton kofin giya a wayata, kumfa har baki.

Nura ɗan kawuna ne ya turo daga Ingila. Wai shi marubuci, yana zaga mashaya yana yabon giyar ganga a shafinsa.

Ƙasar nan kuwa doka ta hana giya. Iƙamata, wato takardar izinin zamana, a hannun mutumin nan take.

Ya ce, "Wannan fa?"

"Wallahi ba nawa ba ne, ya Shaikh."

Ya miƙo min wayar. Har yau bai neme ni ba.

Nura, Allah ya isa! Kana can kana yabon kumfa, ina nan ina haɗa gumi.

Jama'a, in kira kafilin ko in yi shiru?