Hijabai Shida a Maimakon Arba'in da Shida

Har yau a danginmu cewa ake yi ban iya ƙirga ba. Ƙarya ne. Ƙirgana daidai yake, abin da ban iya ba shi ne haƙurin rubuta lamba.

Shekarun baya, bayan na gama sakandare, na je Dapaong zama wurin kawuna. Yana da makarantar islamiyya, 'yan mata arba'in da shida za su yi walimar sauka. Mahaifiyata tela ce a Sokodé, ita ta ɗauki alkawarin ɗinka musu hijabai iri ɗaya na shuɗin yadi. Aikina kawai in auna su in aika mata.

Na auna kowace daga goshi zuwa gwiwa. Da na ga takarda ta cika da lambobi a watse, sai na tuna abin da aka koya mana a aji. Na raba tsayin gida huɗu: santimita casa'in zuwa ɗari, ɗari zuwa ɗari da goma, haka har ɗari da talatin. Kowace yarinya na ja mata layi ɗaya a gidanta. Yadda ake yi a makarantarmu, layi huɗu su zama ɗan akwati, na biyar ya ratsa shi a karkace. Akwati ɗaya, mutum biyar ke nan. Tsarin ya yi kyau, har na yaba wa kaina. Kawu ya leƙo ya ce, "Ba za ki rubuta adadin a gefe ba?" Na ce, "Kawu, ko makaho ya gane wannan." Na ɗauki hoto na tura.

Walima ran Lahadi. Ran Alhamis direba ya kawo ƙunshi, ban ma buɗe ba na san da matsala, don a hannu ɗaya ya riƙo shi. Hijabai shida.

Na kira mahaifiyata da faɗa a bakina. "Mma, ina sauran?"

Ta ce, "Wane saura? Layi shida na gani, shida na ɗinka."

"Akwatunan fa?"

"Ai kin soke su. Ni tun kafin a haife ki, in na ja layi a kan awo, an gama da shi ke nan. Na ɗauka waɗancan sun samu a wani wuri."

Akwati takwas, yara arba'in, duk na soke su da hannuna. Kawu ya ninke hijabai shidan ya ajiye. Ya riga ya faɗa wa iyaye kada kowa ya saya wa 'yarsa hijabi, shi ya sa abin ya fi mini zagi ciwo.

Ranar na hau mota zuwa Sokodé. Mma ta kira maƙwabta biyu masu keken ɗinki. A nan takardar ta biya ni kaɗan: da yake awon gida huɗu ne kacal, sai mu jera yadi mu yanka biyar biyar a lokaci guda. Ɗaya daga cikin matan tana ɗinki tana cewa, "Madam akwati, miƙo almakashi." Na miƙa mata.

Asabar na koma da talatin da bakwai. Uku ba su samu ba, kuma dogayen ne, don su muka bari ƙarshe. Sun yi sauka da hijaban yayyensu, fari a cikin shuɗi. Ɗayarsu ta tsaya can baya ta ƙi shiga hoto. Ita nake tunawa, ba tsokanar dangi ba.

Har gobe ina raba abubuwa gida-gida, don hanyar ba ta da laifi. Amma a motar komawa Dapaong na yanke shawara: duk takardar da zan aika, sai na rubuta adadin da lamba a gefe, in kira mai karɓa, in ce ya karanta mini abin da ya gani kafin ya taɓa almakashi.